Maganar Hannu da Na'urorin Sadarwar Bebaye: Sharhi Bisa Ma'aunin Ƙasar Dakoro

Gabatarwa

A shekarar 2000 aka buga wani littafi a birnin Hamburg na ƙasar Jamus mai suna Maganar Hannu, wanda Constanze Schmaling ta rubuta da Ingilishi bayan binciken da ta yi cikin bebayen Kano a shekarun 1990. Shi ne cikakken bayani na farko da aka yi a kan harshen da bebayen ƙasar Hausa ke zance da shi. A 2011 kuma ita da Lawan Bala Hausawa suka fara fitar da ƙananan littattafai na koyon wannan harshe, na farkonsu a kan iyali, wanda Cibiyar Goethe ta Kano ta buga. Manufar wannan takarda ita ce a yi sharhi a kan wannan aiki, sa'an nan a gwada shi da kayayyakin zamani waɗanda ake tallatawa da sunan za su ba marasa magana baki, watau na'urar ƙara ji, da na'ura mai furta rubutu, da allon hotuna, da wayar salula.

Ƙasar Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi, ita aka ɗauka ta zama ma'auni. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 600,000 a gundumar, galibinsu a ƙauyuka da tungaye da rugage, daga yankin Kornaka har zuwa kwarin Tarka inda noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa. Hausawa da Fulani da Buzaye na cin kasuwa ɗaya a can. Tsakanin garin Dakoro da birnin Maraɗi, inda makarantar bebaye take, akwai tafiyar sama da kilomita 100. Duk dabarar da ta yi aiki a irin wannan wuri, to, za ta yi aiki a sauran ƙasar Hausa. Wadda kuwa ta tsaya a birni, nan take aibinta zai fito.

Bebe da kurma

Kafin a taɓa littafin ya kamata a warware wata sarƙaƙiya ta kalmomi, domin masu tsara yaƙi da jahilci sukan faɗa cikinta. Bahaushe na da kalmar kurma ga wanda ba ya ji, da kalmar bebe ga wanda ba ya magana, amma a bakin jama'a sau da yawa bebe kan haɗiye duka biyun. Alhali mutane iri uku ne aƙalla ke ƙarƙashin wannan inuwa. Akwai wanda aka haifa ba ya ji, ko ya rasa ji tun bai yi baki ba. Shi maƙogwaronsa da harshensa lafiya lau suke, rashin jin magana ne ya hana shi koyonta. Akwai wanda ya kurumce bayan ya iya Hausa sarai. Akwai kuma wanda kunnensa garau yake, amma furuci ya gagare shi, saboda shanyewar ɓarin jiki, ko lahanin ƙwaƙwalwa tun daga haihuwa, ko aikin likita a maƙogwaro. Na farko harshe yake bukata tun daga tushe. Na biyu yana da harshe, hanyar riƙe shi yake nema. Na uku yana ji yana ganewa, ƙofar fitar da abin da ke ransa ce ta toshe. Na'urar da ta amfani ɗaya sau da yawa ba ta tsinana wa sauran biyun kome.

A ƙasar Dakoro kashi na biyu na da yawa, kuma dalilinsa sananne ne. Yankin na tsakiyar zirin nan na sanƙarau da likita Lapeyssonnie ya zayyana a 1963. Annobar 1995 ta yi wa Nijar mummunar ɓarna, ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, kuma ko bayan da aka fara allurar MenAfriVac a 2010, wani jinsin ƙwayar cutar ya sake tasowa a Nijar a 2015. Kurumta na cikin manyan tabon da sanƙarau kan bar wa wanda ya tashi. Ga kuma ƙyanda, da hangum, da ciwon kunne mai ruwa wanda ake sakaci da shi, da wasu magunguna masu kashe ji idan an wuce kima. Saboda haka yaron da ake kira bebe a ƙauye, sau da yawa yaro ne wanda har ya kai shekara shida ko bakwai yana tatsuniya da waƙar gaɗa, zazzaɓin rani guda ya raba shi da sauti.

Abin da littafin ya tabbatar

Babban abin yabo ga Schmaling shi ne ta ɗauki maganar bebayen Kano a matsayin harshe, ta feɗe shi da irin wuƙar da ake feɗe kowane harshe. Hanyar da ta bi ta samo asali daga William Stokoe, wanda ya nuna a 1960 cewa alamar hannu ba dunƙulalliyar aba ba ce, tana da gaɓoɓi kamar yadda kalma ke da baƙi da wasali. Siffar hannu, da wurin da aka aza shi, da motsinsa, da inda tafi ya fuskanta, kowane ɗaya idan ya sauya, ma'ana na iya sauyawa. Sa'an nan ga aikin fuska da kai da baki, wanda a nan nahawu ne sosai. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. A maganar hannu har tambaya da korewa a fuska ake karanta su. Littafin ya bi waɗannan gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, ya duba ƙirar kalma da hanyoyin aro, ya nuna cewa abin da mai ji ke ɗauka kwaikwayo ne kawai yana da ƙa'idojin da mai koyo zai iya karyawa a yi masa dariya.

Abu na biyu, wanda ya fi shafar masu tsare-tsare, shi ne bayanin da aka yi na zaman bebaye cikin jama'a. Littafin ya nuna cewa ba a makaranta aka ƙagi wannan harshe ba. A dandalin hira da kasuwa da wurin sana'a bebaye ke koyonsa daga junansu, kuma masu ji da yawa na iya taɓa shi gwargwado ba tare da jin kunya ba. Har sarauta gare su, watau Sarkin Bebaye, kamar yadda ake da Sarkin Makafi. Wannan bai kamata ya ba manazarcin Hausa mamaki ba, in ya tuna yawan sunayen da harshen ya tanada domin maganar da ba ta da sauti: zunɗe, harara, ƙifce, gatsine, yafuce, tagumi, jinjina, daƙuwa, cizon yatsa, maƙe kafaɗa. Al'ummar da ta raɗa wa motsin jiki sunaye haka, ta daɗe da sanin cewa yana ɗauke da ma'ana. Malaman fiƙihu ma tuni suka yanke cewa isharar bebe, muddin ana fahimtarta, tana ƙulla aure da ciniki, tana kuma aukar da saki. Almajiri ya san ƙissar Annabi Zakariyya da ya yi kwana uku yana yi wa mutanensa magana da ishara. Abin da Turai ta yi ta gardama a kansa shekara da shekaru, a zauren malam an riga an wuce wurin. Sai dai a faɗi gaskiya, amincewa da ishara a shari'a bai hana a tsallake yaro bebe ba ran da ake rubuta yara makaranta.

Inda aikin ya gaza

Aibi na farko yana cikin sunan da aka ba harshen. An kira shi na ƙasar Hausa, amma a Kano da kewayenta aka tara shi. Kano babban birni ne inda bebaye ke da yawan da za su haɗu kullum, harshe ya yi kauri, ya sami tsofaffin da ke gyara wa yara. A ƙauyen ƙasar Dakoro kuwa mai yiwuwa bebe ɗaya ne a gari, ko biyu. Irin wannan yaro da uwarsa da ƴan'uwansa sukan ƙagi alamominsu na gida, waɗanda ke isar su wajen ci da sha da aike, amma da wuya su ɗauki labarin jiya ko shawarar baɗi. Manazarta sun sami irin waɗannan ƙananan harsuna a wurare da dama na Afirka ta Yamma: Victoria Nyst ta bayyana na ƙauyen Adamorobe a Ghana, an kuma ba da rahoton wani a ƙasar Bura ta arewa maso gabashin Nijeriya. Tun da Hausar baka kanta ta bambanta, mutumin Dakoro na cewa hura da tahiya da munka zo inda Bakano ke cewa fura da tafiya da muka zo, babu dalilin da zai sa a ɗauka hannu bai da karin harshe. Alamar da ta tsiro daga rayuwar ɗan birni ba lalle ta zo daidai da ta makiyayin da duniyarsa rijiya ce da guga da raƙumi ba. Wannan ba laifin marubuciyar ba ne, domin ta faɗi inda ta yi aikinta. Laifin zai zama na wanda ya ɗauki littafin Kano ya mai da shi ma'aunin ƙasar Hausa duka, kamar yadda aka yi wa Hausar Kano wajen daidaita rubutu.

Aibi na biyu shi ne harshen da aka rubuta babban littafin da shi, da wurin da aka buga shi. Littafin Ingilishi da aka buga a Jamus, malamin makarantar Nijar wanda ya yi karatunsa da Faransanci ba shi da hanyar kai wa gare shi, balle uwar bebe. Ƙananan littattafan 2011 sun rage wannan nisa, kuma dabarar farawa da iyali dabara ce mai kyau, domin a cikin gida ake fara rasa yaro ko a same shi. Amma su ma suna fama da aibi na uku, wanda ya fi ƙarfin kowane marubuci: takarda ba ta motsi. Hoton alama a shafi kamar a zana wa mutum bakin mawaƙi a buɗe ne a ce ya koyi karin waƙar. An ƙagi hanyoyin rubuta maganar hannu, irin wadda Valerie Sutton ta fito da ita a 1974 da wadda aka tsara a Jami'ar Hamburg, amma ta Hamburg kayan aikin manazarta ce, ta Sutton ma sai an koyar da ita kamar sabon abacada.

Baƙon harshe a makaranta

A cikin wasu maƙalu da ta buga a 2001 da 2003, Schmaling ta yi tambaya ko maganar hannu ta Hausa za ta rayu a gaban ta Amurka. Tarihin abin gajere ne. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka kuma kurma, wanda ya gama Kwalejin Gallaudet a 1954, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe ta Badun a 1960, kuma kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu wajen 30 a ƙasashe 13. Ba a raina wannan aiki. Taron Milan na 1880 ya hana koyar da kurame da hannu, ya ce sai dai a tilasta musu furuci da karatun leɓe, kuma wannan ra'ayi ya yi shekaru yana mulki a makarantun Turai. Foster ya zo da hannu a sake. Sai dai hannun Amurka ya zo da shi, kuma shi ne ya shiga makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977. A ƙasashe masu aiki da Faransanci, har da Nijar, malaman da aka horar ta wannan hanya suka ɗora alamomin Amurka a kan kalmomin Faransanci, abin da Nobutaka Kamei na Japan ya bayyana a matsayin harshe mai zaman kansa.

To a dubi yaron Dakoro da ya yi sa'a aka kai shi makarantar bebaye a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai. A gida Hausa ake yi, da alamomin da ya saba da uwarsa. A aji zai tarar da alamar Amurka, da rubutun Faransanci. Idan ya dawo hutu ya fi kowa a gidan ilmi, amma babu mai gane sabon harshensa, shi kuma an koya masa ya ɗauki na gidan a matsayin na jahilai. Abacadan yatsu da aka koya masa na da baƙaƙe 26 na Turawa. Akwai p da q da v da x waɗanda Hausa ba ta bukata, babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ko sunan jiharsa, Maraɗi, ba zai iya harhaɗa shi daidai da yatsunsa ba.

Masu cewa a koma ga karatun leɓe ya kamata su gwada shi da Hausa tukuna. A leɓe b da ɓ da m kamanninsu ɗaya, saboda haka ɓata da mata ba su rabuwa. Dawa da tawa da nawa duk abu guda ido ke gani. K da ƙ da g a can cikin baki ake yin su, ƙaya da gaya sai dai a yi canke. Karin sauti kuwa, wanda ke raba kuka na ido da kuka ta miya, ba ya bayyana a fuska sam. Wanda ya kurumce da girmansa yakan ci moriyar leɓe domin ya san abin da ake iya faɗi. Wanda bai taɓa jin Hausa ba, an ba shi kacici-kacici ne babu amsa.

Na'urori

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.5 na bukatar wani kayan taimako, kuma a wasu matalautan ƙasashe kashi 3 cikin 100 ne kawai na mabukata ke samu. Irin wannan adadi kan sa a ɗauka matsalar ta rabon kaya ce. Rabo na ciki, amma kowace na'ura da harshen da aka gina ta a kai.

Na'urar ƙara ji ba ta da dogon bayani. Tana ƙara ƙarfin sauti ga wanda ke da sauran ji, ba ta mayar da jin da sanƙarau ya kashe ƙurmus. Tana cin ƙaramin batir da ke ƙarewa cikin mako ɗaya ko biyu, ƙura da zufa na toshe ta, abin da ake cusawa a kunnen yaro kuma sai an riƙa sake shi yayin da yake girma. A Botswana an yi dabarar cajinta da hasken rana, wadda ta dace da Dakoro ƙwarai, amma ba ta kawar da bukatar mai gwaji da mai gyara ba.

Na'ura mai furta rubutu ta yi suna ne ta dalilin Stephen Hawking, masanin kimiyya na Ingila, wanda ya rasa muryarsa a 1985 ya ci gaba da koyarwa da muryar inji har rasuwarsa a 2018. Abin da ake mantawa shi ne Hawking ya riga ya iya karatu da rubutu, da harshen da aka ƙera injin dominsa. Yanzu an sami injuna masu furta Hausa. Kamfanin Meta ya fitar a 2023 da wani tsari na harsuna fiye da 1,000, wanda aka horar da shi galibi da karatun littattafan addinin Kirista da aka naɗa. Amma rubutun Hausa na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Mai karatu ɗan harshe yakan cike giɓin da kansa, inji kuwa sai ya yi hasashe daga kalmomin da ke kewaye. Marar lafiya da ke fama da yatsa ɗaya ba dogayen jumloli yake rubutawa ba. Kalma guda zai danna, wuya, kuma sai an san ko wuyansa ke ciwo ko wuya yake sha; ya danna gari, a rasa ko na tuwo yake nufi ko na zuwa. A nan akwai abin dariya kaɗan ga waɗanda suka san tarihin rubutun Hausa a Nijar. Bayan taron Bamako na 1966 an yi shekaru ana ninka dogon wasali a littattafan yaƙi da jahilci, ana rubuta gaarii daban da garii, kafin a yar da wannan bayan taron Yamai na 1980 domin a daidaita da Nijeriya. Ajami ma na nuna tsawon wasali. Abin da aka sauke domin a sauƙaƙa wa mai koyo, shi inji ke nema yanzu. Bugu da ƙari, muryar da za ta fito Hausar littafi za ta yi. Dattijon Kornaka zai nemi hura, injin ya roƙa masa fura da bakin wani.

Allon hotuna ya fi duka araha, kuma shi ya fi dacewa da kashi na uku, musamman yara masu lahanin ƙwaƙwalwa da manyan da shanyewar jiki ta tafi da maganarsu, tun da sau da yawa takan tafi da rubutun ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin kayan taimako 50 mafi muhimmanci da ta fitar a 2016. Tarihinsa ya haɗa da alamomin Charles Bliss na 1949, waɗanda aka fara gwadawa da naƙasassun yara a Toronto a 1971. Illarsa ita ce hotunan da ke zuwa a shirye na gidan Bature ne: tuffa, cokali mai yatsu, famfo, masai na zama. Allon Dakoro ƙwarya yake bukata, da ludayi, da buta, da tabarma, da rumbu, da amalanke, da hoton mutanen gidan su kansu. Ma'aikatan yaƙi da jahilci sun daɗe da sanin cewa karanta zane ma koyonsa ake yi, kibiya ko alamar tambaya ba su faɗa wa wanda bai shiga aji ba kome. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, watau wa ke zaɓen kalmomin. Idan mai jinya ne ya zaɓa, allon zai cika da ci da sha da kewayawa. Dattijon da ke kwance kuwa yana so ya amsa gaisuwa, ya ƙi abin da bai so, ya tambayi ko an sayar da bijimin, ya sa wa jikansa albarka. Allon da babu a'a a cikinsa, mai jinya ya yi wa kansa.

Saura wayar salula, wadda ita ce ta riga ta shiga ƙauye ba tare da wani shiri na hukuma ba. Fuska uku gare ta. Saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013, ya zama babbar rahama ga masu ji marasa karatu, har ya rage musu bukatar rubutu. Kurma kuwa ya ƙara fitar da shi daga zance, kamar yadda kulob-kulob na rediyo da aka kafa a Nijar tun 1962 da shelar sanƙira suka bar shi a waje. Rubutaccen saƙo na amfanar wanda ya yi karatu kawai, kuma yana da wani tarko da ya kamata masu daidaita rubutu su sani: gajeren saƙo na ɗaukar baƙaƙe 160, amma da zarar an sa baƙi mai lanƙwasa ko guda ɗaya, sai ya koma wani tsari mai ɗaukar 70. Watau mai rubuta Hausa daidai ya fi mai rubuta ta a karkace biyan kuɗi. Duk da haka shirin ABC da aka gwada a ƙauyukan Dosso da Damagaram a 2009 da 2010, wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka auna, ya nuna cewa manyan da aka haɗa musu darasi da koyon aika saƙo sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. Masu ji aka yi wa wannan gwaji, su da ke da zaɓin buga waya su yi magana. Kurma, wanda rubutu ne kaɗai ƙofarsa ga wayar, ya fi su dalilin dagewa.

Fuska ta uku ita ce hoto mai motsi. Tun daga 2016 da aka fara kiran bidiyo a WhatsApp, bebe na iya zance da bebe daga nesa da harshensu, ba tare da ratsawa ta rubutun kowa ba. Wannan ne kaɗai cikin kayan da aka lissafa ya magance aibin da aka ambata na takarda. Yana bukatar waya mai tsada, da caji, da layi mai ƙarfi, waɗanda ke ƙaranci yayin da aka nausa arewa, ga shi kuma riƙe waya na cinye hannu ɗaya daga cikin biyun da ake magana da su. Amma bidiyon da aka naɗa ba ya bukatar layi. Yana yawo daga waya zuwa waya a rumfar masu caji kamar yadda waƙoƙi da wa'azi ke yawo. Hanyar kuwa kowa na iya binta. Harshen da ya fi yawan bidiyo shi zai fi shiga ƙauye, kuma na Amurka ya yi nisa a wannan fage.

Abin da ya rataya a wuyan cibiyoyin harshe

Nijar ta amince a 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta lissafa maganar hannu cikin harsuna ƙarara. Dokar 2001 da ta jera harsunan ƙasa goma ba ta ambace ta ba. Uganda ta sa ta cikin tsarin mulkinta tun 1995, Afirka ta Kudu ta mai da ita harshen hukuma na 12 a 2023. Yanzu da kundin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, tambayar da wane harshe za a koya wa kurma karatu ta zama tilas a amsa ta. Makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973 an gina su ne bisa hujjar cewa yaro ya fi koyo da harshen da ya zo da shi daga gida. Hujjar ba ta sauya ba don yaron ya kurumce. Wanda sanƙarau ya kama yana ɗan shekara bakwai, Hausarsa na nan cikin kansa, kuma idan aka hanzarta koya masa rubuta ta zai riƙe ta har abada. Idan aka bar shi shekara uku ana neman masa gurbi a birni, furucinsa kan lalace, kalmominsa su zube, a wayi gari sunan bebe da aka laƙaba masa ya tabbata. Hanyar koyar da abacada ta sauti, wadda ajin yaƙi da jahilci ya dogara da ita, ba za ta yi masa aiki yadda take ba, sai an sake ta da hoto da alama da rubutacciyar kalma.

Aikin da littafin Schmaling ya bari a buɗe shi ne na tattarawa a arewacin iyaka. Ranar kasuwa, a Dakoro ko Sakabal ko Kornaka, ita ce ranar da bebayen ƙauyuka ke ganin juna, kuma nan ya kamata a kafa na'urar ɗaukar hoto, da yardarsu, bebaye ƴan'uwansu na yin tambayar, domin bebe kan sassauta harshensa idan mai ji ne a gabansa. A fara da kalmomin littafin iyali na 2011 a ga nawa suka dace da na Kano, sa'an nan a shiga abin da Kano ba ta da shi sosai: launukan shanu, shekarun raƙumi, sassan rijiya, lissafin jika da dala. A lura kuma ko beben Bafillace da na Buzu da na Bahaushe alama ɗaya suke yi, domin in haka ne, sunan da aka ba harshen ma sai an sake dubansa. Batun siffofin yatsu na ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kuwa, ƙungiyoyin kurame na Maraɗi da Kano ya kamata su zauna su yanke shi tare, kafin kowane ɓangare ya ƙagi nasa a koma neman wani taron daidaitawa irin na 1980.